Wa Zai Ɗauki Jinin? Sharhi a Kan Littafin Army of None na Paul Scharre a Ma'aunin Fiƙihu

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan littafin Army of None na Paul Scharre, wanda ya fito a shekarar 2018, game da makaman da ke iya neman abin hari, su zaɓe shi, su kuma kai masa farmaki ba tare da mutum ya ba da umarni ba. An taƙaita abin da littafin ya ƙunsa, an nuna inda ya yi ƙarfi, sannan aka auna hujjojinsa da abin da malaman fiƙihu suka tabbatar a babukan siyar, farauta da lamuni. Sakamakon nazarin shi ne cewa Scharre ya gano ainihin matsalar, wato gushewar mutumin da za a tuhuma da jini, amma ya bar maganinta a hannun tausayin soja da shawarar manyan ƙasashe, alhali fiƙihu ya ɗauke ta a matsayin hukunci mai sharuɗɗa.

1.0 Gabatarwa

A daren 26 ga Satumba, 1983, Laftanar Kanar Stanislav Petrov yana bakin aiki a wata cibiyar tsaro ta Tarayyar Sobiyet kusa da birnin Mosko, sai na'urar gargaɗi ta nuna cewa Amurka ta harbo makami mai linzami. Kafin wani lokaci adadin ya kai biyar. Aikinsa shi ne ya sanar da na gaba da shi cewa an kawo hari, kuma hakan yana iya jawo ramuwar gayya da makaman ƙare-dangi. Petrov ya yi tunanin cewa ƙasar da ta ƙudurta irin wannan yaƙi ba za ta fara da makamai biyar kacal ba, don haka ya kai rahoton cewa na'urar ce ta yi kuskure. Daga baya aka gano hasken rana ne ya bugi wasu gizagizai, tauraron ɗan'adam ya ɗauka wutar makami ce.

Da wannan labari Scharre ya buɗe littafinsa, kuma tambayar da ke bayansa a fili take: da na'ura ce a kujerar Petrov, me za ta aikata? Za ta aikata abin da aka tsara mata, babu ƙari babu ragi. Tambayar ta shafi ɗalibin fiƙihu kai tsaye. Tun daga As-Siyar al-Kabir na Muhammad bin al-Hasan ash-Shaibani, wanda ya rasu a shekara ta 189 bayan Hijira, har zuwa babin jihadi na Mukhtasar Khalil da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, hukunce-hukuncen yaƙi an gina su ne a kan abu ɗaya da ba a ga bukatar faɗa ba: cewa mai sakin kibiya mukallafi ne, yana da hankali da niyya, ana umartarsa ana hana shi, kuma za a tambaye shi duniya da lahira. Makamin da littafin nan yake magana a kansa ya zo ne ya cire wannan mutum daga wurin.

2.0 Marubucin da Littafinsa

Paul Scharre tsohon sojan Amurka ne da ya yi yaƙi a Iraƙi da Afganistan, daga baya ya yi aiki a ma'aikatar tsaron ƙasarsa. A can ne ya jagoranci kwamitin da ya tsara umarni mai lamba 3000.09 na Nuwamban 2012, wanda shi ne manufar Amurka a kan makamai masu cin gashin kansu, aka kuma sabunta shi a Janairun 2023. Saboda haka mai littafin ya riƙe bindiga, ya kuma riƙe alƙalamin da ke rubuta ƙa'idar bindiga. Sunan littafin yana nufin rundunar da babu kowa a cikinta.

Babban amfanin babukan farko shi ne warware ruɗanin kalmomi. Jirgi maras matuƙi irin wanda aka saba ji a labarai ba ya cikin wannan rukuni, domin akwai mutum a zaune a ƙasa yana tuƙa shi, kuma shi ke sakin makamin. Scharre ya raba al'amarin gida uku. Na farko, na'ura tana aiki amma tana tsayawa ta jira izinin mutum kafin ta harba. Na biyu, na'ura tana nema tana harbi da kanta, mutum yana kallo kuma yana da ikon tsayar da ita. Na uku, an sake ta baki ɗaya, babu mai iya tsoma baki bayan ta tashi. A cewarsa, ƙasashe aƙalla 30 suna da makaman kariya na mataki na biyu, waɗanda ke kakkaɓo makamai masu linzami da ke tahowa da saurin da idon mutum ba zai iya bi ba. A mataki na uku ya kawo misalin Harpy na Isra'ila, wanda ke shawagi a sama yana neman siginar na'urar rada ta abokan gaba, in ya same ta ya faɗa mata ya tarwatse, ba tare da wanda ya harba shi ya san wace rada ce zai samu ba.

A ƙarshen littafin ya jera hanyoyin da duniya za ta iya bi: haramta irin waɗannan makamai gaba ɗaya, ko haramta masu harin mutane kawai, ko shimfiɗa ƙa'idojin amfani tsakanin ƙasashe, ko kafa wata manufa ta bai ɗaya game da matsayin hukuncin mutum a yaƙi. Ya auna kowace da tarihin yunƙurin hana makamai, har da hanin da majami'ar Roma ta yi wa wani nau'in baka a shekarar 1139, hanin da bai yi tasiri ba. Yana kira ga kamun kai, amma yana shakkar cewa haramci na gaba ɗaya zai yiwu.

3.0 Inda Littafin Ya Yi Ƙarfi

Adalci ya wajabta a faɗi cewa littafin bai yi wa kowane ɓangare sassauci ba. A yaƙin Iraƙi na 2003, makamin kariya na Patriot ya harbo jirgin yaƙin Birtaniya samfurin Tornado ya kashe mutum biyu da ke ciki, sannan ya harbo wani jirgin sojan ruwan Amurka ya kashe matuƙinsa. Akwai mutane a gaban na'urar, amma an horar da su a kan su gaskata ta, kuma lokacin da suke da shi na yanke shawara bai taka kara ya karya ba. A ɗaya gefen kuma ya kawo musibar 3 ga Yuli, 1988, ranar da jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Vincennes ya harbo jirgin fasinja na Iran ya hallaka mutum 290. A nan na'urar ta nuna daidai, cewa jirgin sama yake yi, mutane ne cikin firgici suka ɗauka saukowa yake don kai hari. Na'ura tana kuskure, mutum yana kuskure, kuma marubucin bai ɓoye ko ɗaya ba.

Haka nan ya yi amfani da ra'ayin masanin zamantakewa Charles Perrow cewa a duk tsarin da ya cika sarƙaƙiya, sassansa kuma suka ɗamfaru da juna, haɗari ba abin mamaki ba ne, wani yanki ne na ɗabi'ar tsarin. Ya buga misali da kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital, wanda a shekarar 2012 manhajarsa ta kuɓuce ta jawo masa asarar fiye da dala miliyan 400 cikin kimanin minti 45. A kasuwa ana iya dakatar da ciniki a gyara, a fagen fama kuwa babu alƙalin da zai busa usur. Wannan babi yana da amfani ga mai fatawa, domin yana rushe uzurin cewa ba a san na'urar za ta yi ɓarna ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Littafin ya kuma ba masu goyon bayan makaman haƙƙinsu. Masanin mutum-mutumi Ronald Arkin yana ganin cewa na'ura ba ta fushi, ba ta tsoro, ba ta ɗaukar fansar abokinta da aka kashe, don haka wata rana tana iya fin soja kiyaye dokar yaƙi. Hujja ce mai nauyi, kuma duk wanda ya san abin da sojoji ke aikatawa a ƙauyukan da suka ci da yaƙi ba zai yi mata dariya ba.

4.0 Yarinyar Kan Dutse

Labarin da ya fi kowane ratsa zuciya a littafin ya faru ne da marubucin kansa a shekarar 2004, a kan wani dutse kusa da iyakar Afganistan da Pakistan. Shi da abokan aikinsa suna ɓoye, sai aka turo wata yarinya 'yar shekara biyar ko shida tana kiwon awaki tana zagaya su, tana kai rahoton inda suke ga mayaƙan Taliban. Babu wanda ya kawo shawarar a harbe ta. Scharre ya ce bisa fahimtarsa dokar yaƙi ta ƙasa da ƙasa ba ta yanke shekarun zama mayaƙi ba, kuma leƙen asiri shiga yaƙi ne, don haka na'urar da aka tsara a kan bin doka kawai da ta kashe ta ba tare da ta karya doka ba. Abin da ya cece ta, a ganinsa, shi ne abin da ke zukatan sojojin.

A nan ne rauni na farko ya bayyana. Marubucin ya raba doka da ɗabi'a, ya sa ran yarinyar a ɓangaren ɗabi'a, wato wurin da babu tilas. Tausayi kuwa yana zuwa yana tafiya. Sojan da ya ji shi yau yana iya rasa shi gobe bayan an kashe abokinsa. Fiƙihu ya bi wata hanya dabam. Hanin kashe mata da yara ya tabbata a Bukhari da Muslim ta hadisin Abdullahi bin Umar, kuma Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa wasiyyar Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, ga Yazidu bin Abi Sufyan, wadda ta haɗa da mace da yaro da tsoho tukuf da masu ibada da suka keɓe kansu. Khalil ya jera waɗannan, ya ƙara da mai taɓin hankali da makaho da mai naƙasa mai ɗorewa. Malamai sun togace wanda ya shiga faɗa daga cikinsu, amma togaciya ce mai ƙunci, asali shi ne haramci, kuma wanda ya yi da'awar fita daga asali shi ake nema wa hujja. Yarinyar da ba ta kai shekarun tamyizi ba, ba ta riƙe da makami, tana nan a kan asalin.

Fiye da haka, gane wanda ya halatta a yaƙa aiki ne da nassi ya ɗora wa mutum. Aya ta 94 ta Suratun Nisa'i ta umarci masu fita yaƙi da yin bincike da tabbatarwa, ta kuma hana su ƙaryata wanda ya miƙa musu sallama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Usama bin Zaid faɗa mai tsanani a kan mutumin da ya kashe bayan ya furta kalmar shahada, duk da cewa zahirin hali yana nuna tsoron takobi ne ya sa shi furtawa. Imam Malik ya ɗauki ishara da hannu a matsayin ba da aminci daidai da magana. Miƙa wuya, neman aminci, rauni, tsufa, hauka, duk halaye ne da ake karantawa daga fuska da murya da abin da ya gabata, kuma suna iya sauya hukunci a cikin daƙiƙar ƙarshe. Ko da an wayi gari na'ura ta iya karanta su, umarnin tabbatarwa ba zai koma kanta ba, domin hiɗabin shari'a ba ya fuskantar abin da ba mukallafi ba.

Wannan ne kuma amsar hujjar Arkin. Lokacin da Khalid bin Walid ya umarci a kashe fursunonin Banu Jazima bisa kuskuren fahimtar maganarsu, Abdullahi bin Umar ya ƙi kashe nasa, ya kuma hana mutanensa. Da labari ya isa Madina, Annabi (SAW) ya barranta daga abin da Khalid ya aikata, kuma malaman sira sun ruwaito cewa ya aiki Sayyidina Aliyu ya biya diyyarsu. Mutum ya yi kuskure a wannan waƙi'a, amma mutum ne kuma ya ƙi bin umarnin. Na'urar da ba ta fushi ita ce dai na'urar da ba ta cewa a'a. Rundunar da babu kowa a cikinta babu Ibn Umar a cikinta, kuma azzalumin shugaba ba ya fatan abin da ya wuce haka.

5.0 Tsakanin Manjaniƙ da Karen Farauta

Scharre ya yi ta neman abin da zai kwatanta sabon makamin da shi: nakiyar da ake binnewa, makami mai bin zafi, ko sojan da aka ba umarni aka sake shi. Ɗalibin fiƙihu shi ma zai nemi asalin da zai yi ƙiyasi a kansa, kuma abin da zai fara faɗo masa shi ne manjaniƙ, majaujawar yaƙin da malaman tarihi suka ruwaito an kafa wa Ɗa'ifa a shekara ta 8 bayan Hijira. Malamai sun kafa hujja da ita wajen halatta makamin da ɓarnarsa ke iya shafar wanda ba a nufa ba. Sai dai wannan ƙiyasi ne tare da bambanci. Mai manjaniƙ yana ganin ganuwar da yake jifa, shi ya zaɓi wuri da lokaci, dutsen kuma ba ya sauya shawara a sama. Abin da aka yi rangwame a kansa shi ne kuskuren samu bayan mutum ya zaɓi abin hari. A makami mai cin gashin kansa, zaɓen ne kansa aka miƙa.

Ko a babin manjaniƙ da garkuwa da mutane ma, malamai ba su saki linzami ba. Imam Malik ya ƙi yarda a ƙona jirgin ruwa ko ganuwar da ke ɗauke da fursunonin Musulmi, yana mai dogara da aya ta 25 ta Suratul Fathi. Al-Ghazali a cikin Al-Mustasfa ya sharɗanta cewa maslahar da za ta halatta harbin garkuwa sai ta kasance ta larura, tabbatacciya, mai game al'umma. Waɗannan sharuɗɗa ana auna su ne a kan waƙi'a ɗaya da ke gaban shugaba, ba a rubuta su cikin manhaja shekara biyu kafin yaƙi.

Misalin da ya fi kusa yana babin farauta. Horarren kare, wanda aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da ya kamo, shi ne abin da fiƙihu ya sani mai tafiya da kansa, ya bi, ya kama, ya kashe a madadin mutum. Dubi yadda aka ɗaure shi da sharuɗɗa. Horonsa a wurin galibin malamai shi ne in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Dole mafarauci ne ya sake shi da niyya da ambaton sunan Allah. In ya zabura da kansa ya kashe, ba a cin abin da ya kamo. A hadisin Adiyyu bin Hatim, in aka tarar da wani kare tare da shi, ba a san wanne ya kashe ba, an hana ci. Ba a kawo wannan don a ƙiyasta yaƙi da farauta ba, sai don faɗakarwa ta hanyar abin da ya fi cancanta. Idan ran barewa bai halatta ba sai da mai saki sananne, da niyya, da ikon tsayarwa, da sanin wanda ya kashe, to jinin ɗan'adam ya fi ƙarfin a nema masa ƙasa da haka. Makamin mataki na uku, wanda ba a iya kiransa ya dawo kuma maƙeransa ba sa iya bayyana dalilin kowane zaɓi nasa, ya faɗi a sharaɗin farko tun kafin a je sauran.

6.0 Lamuni da Kaffara

Littafin ya tattauna abin da masana dokar Yamma suke kira giɓin alhaki: in na'ura ta kashe wanda bai cancanta ba, mai rubuta manhaja bai nufi haka ba, kwamanda bai san za a yi ba, na'ura kuma ba a kai ta kotu. Giɓin ya samu ne domin laifin yaƙi a dokarsu yana bukatar ganganci ko sani. Scharre ya nuna damuwa, amma bai ɗauki giɓin a matsayin abin da shi kaɗai zai hana amfani da makamin ba, matuƙar an rage yawan kuskure.

Babin lamuni a fiƙihu ba ya jiran ganganci. Ƙa'ida ita ce in mai aikatawa kai tsaye ba wanda za a ɗora wa hukunci ba ne, lamuni yana komawa kan wanda ya yi sababi. Ibn Abi Zaid ya tabbatar a Risala cewa mai kora dabba da mai janta da mahayinta suna lamunin abin da ta taka. Haka nan a fiƙihu, wanda ya haƙa rijiya a inda bai halatta ya haƙa ba yana lamunin wanda ya faɗa. Saboda haka kwamandan da ya saki makami a yankin da ya san akwai fararen hula ba zai fake da cewa na'ura ce ta zaɓa ba, kamar yadda mahayi ba ya fakewa da dokinsa. Wahalar da ta rage ita ce yawan masu sababi, daga kamfani zuwa mai tattara bayanan da aka horar da na'urar da su, zuwa jami'in da ya sayo ta. Wannan fage ne da ke jiran ijtihadin majalisun fiƙihu, amma yawan hannaye ba ya mai da jini banza.

Wani zai ce hukuma za ta biya diyya, shi ke nan an rufe giɓin. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ba ta tsaya a kan diyya ba. Ta wajabta kaffara a kisan kuskure, 'yanta baiwa ko bawa, ko azumin wata biyu a jere, har a kan muminin da aka kashe yana cikin mutanen da ake yaƙa. Diyya dangi ke tarawa, kaffara kuwa tana kan wuyan wanda ya yi kisan shi kaɗai. Ma'anar haka ita ce shari'a ba ta yarda rai ya fita ko da bisa kuskure ba face akwai mutum guda da zai ji nauyinsa a jikinsa, ya yini da ƙishirwa kwana sittin yana tuna abin da hannunsa ya jawo. Scharre ya kusanci wannan ma'ana inda ya tambaya wace irin al'umma ce za ta kasance in ana kisa da sunanta babu wanda barcinsa ke yankewa. Ya bar ta a matsayin damuwar zuci. A fiƙihu hukunci ce mai lamba da adadi, kuma duk tsarin da aka gina don kada a sami mai yin wannan azumi ya ci karo da manufarta.

7.0 Abin da Ya Biyo Bayan Littafin

Rauni na biyu na littafin shi ne mahangarsa. Mafi yawan muryoyin da ke cikinsa na jami'an tsaron Amurka ne da injiniyoyi da masu fafutuka na ƙasashen Yamma, wato masu saki da masu jayayya da su. Waɗanda makamin ke shawagi a kansu ba su sami wuri daidai da haka ba, alhali shekarun da suka biyo baya sun nuna inda abin ya dosa. Rahoton kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya a kan Libiya, wanda ya fito a Maris 2021, ya ambaci amfani da Kargu-2 ƙirar Turkiyya a kan mayaƙan Khalifa Haftar da ke ja da baya a shekarar 2020, ya kuma siffanta shi da makamin da aka tsara ya kai hari ba tare da haɗi da mai sarrafa shi ba, ko da yake rahoton bai ce ya kashe wani a wannan yanayi ba. Libiya kuwa tana iyaka da Nijar da Chadi. A Afrilun 2024 mujallar +972 ta ruwaito daga wasu jami'an leƙen asirin Isra'ila cewa wata manhaja mai suna Lavender ta jera dubban sunaye a Gaza, kuma jami'i yakan ɓata kimanin daƙiƙa 20 kafin ya amince da suna. Rundunar Isra'ila ta musanta wannan siffantawa. In ruwayar ta inganta, to kasancewar mutum a wurin ba ta wadatar. Wanda ya sa hannu a kan abin da bai bincika ba yana kama da alƙalin da hadisi ya yi wa narko saboda ya yi hukunci bisa jahilci.

A daren 3 ga Disamba, 2023, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa na Nijeriya ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 85 ne suka rasu. Mutane ne ke sarrafa wannan jirgi, kuma saboda haka ne aka sami wanda za a tambaya: rundunar ta amsa cewa kuskurenta ne, daga baya aka sanar za a gurfanar da jami'ai biyu a kotun soja. Da manhaja ce ta ga taron ta yanke hukunci, iyalan mamatan da ko wannan ba su samu ba.

A fagen siyasar duniya, tattaunawar Geneva da aka fara a 2014 ba ta haifar da yarjejeniya ba, domin tsarinta yana ba kowace ƙasa damar hana ruwa gudu. A Mayun 2021 kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa ya nemi a haramta makaman da ba a iya hasashen aikinsu da waɗanda ke harin mutane, a kuma ƙayyade sauran. A Disamban 2023 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 78/241 da ƙuri'u 152, kuma a Afrilun 2024 ƙasashen ECOWAS suka yi taro a Freetown suka goyi bayan a samar da doka mai ɗaurewa.

8.0 Kammalawa

Army of None littafi ne da ya cancanci malami da ɗalibi su karanta, domin hukunta abu reshe ne na fahimtarsa, kuma da wuya a sami wanda ya fayyace yadda waɗannan makamai ke aiki kamar Scharre. Ƙarancinsa yana wurin yanke hukunci. Ya kai mai karatu har bakin tambayar wa zai ɗauki jinin, sannan ya mai da ita batun abin da manyan ƙasashe za su iya yarda da shi.

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da tafsili. Makamin kariya da ke kakkaɓo makami a sarari, ƙarƙashin kulawar mutum mai ikon tsayar da shi, yana shiga babin tunkuɗe mai kawo farmaki, tare da lamunin abin da ya ɓata. Makamin da aka ba zaɓen mutumin da zai kashe, ko wanda ba a iya tsayarwa, ko wanda ba a san dalilin zaɓinsa ba, ya rasa mukallafin da umarnin tabbatarwa yake fuskanta, kuma toshe kafar ɓarna yana hukunta a hana shi tun kafin ya yaɗu. Wannan ya fi kusa da matsayin Red Cross fiye da taka-tsantsan ɗin Scharre. Abin da ya rage shi ne majalisun fiƙihu da sassan nazarin addini na jami'o'i su zauna da injiniyoyi da hafsoshin soja, su fitar da matsaya a rubuce tun ana kan tsara dokar, domin ƙasashen Musulmi suna cikin masu ƙera waɗannan makamai, suna cikin masu sayensu, kuma garuruwansu suna cikin wuraren da aka fara gwada su. Allah ne Mafi sani.